Rigar da Inna Ta Ba Ni a Gardaka

A Umdurman aka raba ni da fasfo. Bahaushe ne ya karɓa, ba Balarabe ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce na fita waje na dawo ina zagin ƙabilun mutane. A Sudan aka haife shi, kakansa ne ya taso daga ƙasar Sakkwato zai tafi Makka a ƙasa, ya maƙale a hanya. Ya ba ni shayi, ya kira ni ƙanensa, ya ce zai sa a buga mini bizar Saudiyya. Kwana tara ina zuwa ƙofar shagonsa. Rana ta goma na tarar da wani yana sayar da tayoyi a ciki, ya ce bai taɓa jin sunan mutumin ba.

Sunana Lawali, daga Kucheri ta ƙasar Tsafe. Noma na gada. Da gona ta gagari shiga saboda mutanen daji, na koma dako a tashar Gusau. Da dakon ya kasa riƙe gida, na fita. Iyakar abin da zan faɗa game da tasowata ke nan.

Daga Umdurman na yi arewa, wurin haƙar zinari. Rami ne da ƙura da zafi. Na yi wata bakwai ina fasa dutse, ban taɓa riƙe zinari a hannuna ba. Can na koyi Larabcin Sudan, na zagi da na neman ruwa. Wani tsoho mai dafa mana wake yakan ƙara mini ludayi guda ba tare da ya dube ni ba. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba.

Masar a bayan akori-kura muka shige ta, ta cikin hamada, mu ashirin da wani abu, kowa ya riƙe sanda a tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo. Direban ya sauke mu a wani fili, ya nuna da hannu ya ce Aswan ce can, tafiyar sigari ɗaya. Wuni muka yi muna tafiya.

A Alƙahira na wanke motoci, na ɗauki siminti zuwa hawa na shida. Nan wani ɗan kwangilar ma'aikata ya dube ni sama da ƙasa kamar mai sayen jaki, ya ce ana neman masu shara a otal, a bakin Bahar Maliya, garin da ake kira Gardaka. Sharaɗinsa guda: ni Basudane ne. Basudane ba a cika tsananta masa tambaya ba a lokacin. Ɗan Nijeriya marar takarda kuwa, 'yan sanda ne, sai kurkuku, sai ranar da aka ga damar jefa shi a jirgi. Ya maƙala mini bajo a ƙirji, aka ce abin da ke rubuce Adam ne. Na zama Adam.

Shekara biyu da rabi na yi a otal ɗin nan. Ɗaki goma sha takwas a wuni, lokacin zafi ya fi haka, don lokacin ne duniya take kwararowa hutu. Ka cire zanen gado, ka shimfiɗa sabo, ka wanke banɗaki, ka kwashe shara, ka naɗe tawul ya yi siffar agwagwa ka ɗora a kan gado, wai baƙi suna jin daɗi. Ni da na yi huɗa da shanu, na zama gwanin agwagwar tawul. Shugabanmu Ustaz Magdi ne, gajere mai sanƙo, yana yawo da farin hankici yana shafa bayan talabijin. In hankicin ya canza launi, kai ma ranar sai ka canza.

Dokokinsa da yawa, amma biyu ne masu kora. Ba a cin komai a ɗakin baƙo. Ba a fita da komai daga ɗakin baƙo, ko allura, sai da takardar da baƙon ya sa wa hannu cewa kyauta ya yi. In an ga abu a wurinka babu takarda, sata ce, ba a sauraron bayani.

Na ga mutane. Mai hutu yana ganin ya sayi garin da duk wanda ke ciki. Akwai wanda zai yi amai a kafet ya rufe da matashi ya fita wanka. Akwai matar da za ta ɓatar da ɗan kunne a teku ta dawo ta nuna ka da yatsa. Wasu ba mugunta suke yi ba, ba sa ganinka ne kawai. Kana durƙushe kana goge ƙasa, a tsallake ka kamar bokiti. Na fi jin zafin waɗannan. Mai zagi ya dai san mutum yake zagi. A cikinsu duka na riƙe wani tsohon Bature mai rawar hannu, wanda kullum kafin in zo ya cire zanen gadonsa da kansa, ya tara shararsa a leda guda, ya ɗaure. Ba mu da yaren da ya haɗa mu. In na shigo sai ya miƙe tsaye. Shi ke nan abin da yake yi, ya miƙe tsaye. Wanda zai tafi hutu ya ji wannan, bai fi ƙarfin kowa ba.

Abin da ya fi cina shi ne sama. Garin ba a ruwa. Watan da baƙi suka fi yawa, shi ne watan da a gida gero yake kai ƙugu, ana maimai, ƙasa tana ƙamshi. Ni kuwa ina hawa na huɗu ina kallon ruwan gishiri da tsirarun mutane a kwance kamar an shanya kifi.

A irin wannan watan suka zo. Ina tura amalanken zannuwa a baranda na ji an ce, "Ke, riƙe yaran nan kar su hau lifta su kaɗai." Ƙafata ta tsaya da kanta. Rabona da jin Hausa a bakin mutum, ba ta waya ba, tun Umdurman. Kuma ba kowace Hausa ba, tamu ce, ta Gusau.

Alhaji Sama'ila ne, mai manyan motoci. Na san motocinsa, na sha sauke buhu daga cikinsu, shi dai bai san ni ba. Ya kai mahaifiyarsa asibiti a Alƙahira saboda gwiwa, da aka sallame ta, yara kuma suna dogon hutu, ya kwaso kowa zuwa bakin teku. Ɗaki uku suka kama a jere: nasa da Hajiyarsa, na yara, na tsohuwa. Duka ukun a rabona suka faɗo.

Na sunkuyar da kai, na yi sallama da Larabci.

Alhaji ya dube ni, ya juya wurin matarsa. "Ku riƙa kulle jakunkuna. Baƙaƙen nan duk ɓarayi ne."

Ya fi ni baƙi.

Hajiya ta toshe hanci da gyale. "Ni warin maganin wankin nan nasu ne ba na so. Ko wanka ba su yi."

Kwana goma sha biyu ina jin irin wannan, ina murmushi, don murmushi ma doka ce. Ba ya kirana da sunan da ke ƙirjina. Yatsu yake kaɗawa, ya ce, "Kai, Sudani!" In ya yi alwala sai banɗaki ya zama fadama, ya zubar da tawul huɗu a ƙasa ya tattake, sannan ya buga waya ƙasa ya ce ba a kawo masa tawul ba. Yara suka zuba miya a zanen gado, Hajiya ta ce, "Ku bar shi, aikin wa? Don shi aka biya." Ranar da na tsinci zobenta a ƙarƙashin gado na ɗora mata a tebur, cewa ta yi, "Ka gani, ya ji tsoro ya maido."

Larabawa sun zage ni, Turawa sun zage ni, ban kwana da abin ba. Na waɗannan har cikin ƙashi nake jin sa.

Ɗakin tsohuwa daban ne. Ran farko na tarar ta gyara gado, ta tattara ɗan datti da hannu ta tara a bayan ƙofa. Gadon ma ba ta kwana a kai, bargo ta shimfiɗa a ƙasa kusa da taga, sandarta a gefe. Ba ta zuwa teku. Na ji tana ce wa jikokinta ruwan da ba a sha, ba a ba dabba, ba ta ga abin kallo a cikinsa ba. Da na shiga da tsintsiya sai ta kawar da kai, kunya take ji namiji ya share mata ɗaki.

"Sannu da aiki, ɗan mutane," in ji ta.

Ta san ba na ji, a ganinta. Ba ta fasa ba. Kullum sai ta faɗa, in na gama kuma ta ce Allah ya yi albarka. Ni kuwa in gyaɗa kai kamar kurma.

Rana ta huɗu ina goge madubi, tana bayana tana jan carbi, tana magana ita kaɗai yadda tsofaffi ke yi.

"Dubi wuyanshi, dut ƙashi. Ƙato da kai kana wankin masai a garin wasu. Ko ina uwar wanga take, oho."

"Tana Kucheri, Inna."

Ban yi niyya ba. Bakina ne ya faɗa. Carbin ya faɗi daga hannunta.

"La'ilaha illallahu! Mi ka ce?"

Na rufe ƙofa, na durƙusa, na gaishe ta yadda ake gaida tsofaffi. Ta amsa, ta sake amsawa, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, kamar a zaure muke. Ita 'yar Rawayya ce, ta ƙi komawa Gusau duk da benen da ɗanta ya gina. Na gaya mata sunana, na gaya mata gaskiya: ba ni da takarda, in aka san ni ba Basudane ba ne, kurkuku zan tafi. Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, har Alhaji.

"Wancan?" Ta taɓe baki. Ɗan farinta ne, ba ta faɗar sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba. "Wancan in ya ji abu, kasuwa ta ji. Bakina ƙanin ƙafata, yaro. Na riƙe."

Na tambaye ta damina. Ta ce ruwa ya sauka da wuri, gero ya yi kyau inda aka samu aka shuka, inda ba a samu ba ciyawa ta gaji gona. Na tsaya da tsumma a hannu ina saurare kamar ana karanta mini wasiƙa.

Yunwa take ji, ba ta faɗa wa kowa ba. Abincin otal ba ya shigar mata, ta ce komai ko zaƙi ko lami. Tana da garin fura a ƙulle a cikin kayanta, ba ta san inda za ta sami nono ba. Washegari na karɓo mata kindirmon Masar daga kicin, da ruwan zafi a fulas. Ta dama a kofin shan ruwa, ta miƙo mini rabi. Na ce doka ta hana. Ta ce dokar wa, ita ba ta iya sha ana kallonta. Na sha a tsaye a bayan ƙofa, kunnena yana baranda. Haka muka yi har kwana bakwai. Minti goma ne a wuni, amma saboda su nake tashi da safe.

Ranar da za su tafi, da hantsi, na shiga na tarar ta ɗaure kayanta. Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin bargo ta turo mini da sanda. Na buɗe. Shadda ce ruwan toka, riga da wando, da aikin hannu a wuya. Na gane ta, Alhaji ya sa ta ranar Juma'a.

"Inna, wannan ai ta Alhaji ce."

"Awo. Yana da su sun fi a ƙirga. Jiya matar ta kawo kaya nan a naɗe, na cire."

"Ya sani?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Ni na haife shi. In tambaye shi?"

Na yi mata bayanin takarda. Na ce a nan ba a kyauta da baki, sai an rubuta, an sa hannu, an kai wa shugaba. Na ce ta bari in kira Alhaji ya rubuta.

"Takarda? In ba ɗana riga sai an yi takarda, kamar na sai da saniya? Kuma a tara mutane a yi shela? Kyautar da aka yi wa shela ai ta lalace." Ta juya fuska wajen taga. "Aje ta. Na gane, ka raina. Kwance ce, ba sabuwa ba."

Na san doka sarai. Na ga an kori mutum saboda kwalbar turaren da ta kusa ƙarewa. Amma tsohuwa ta juya mini baya, kuma a inda na fito ba a mayar wa uwa hannu. Na ɗauka. Na durƙusa na yi godiya, ta sa mini albarka mai tsawo. Na cusa ledar a ƙarƙashin zannuwa masu datti, na gangara, na kulle ta a akwatin ƙarfen da ake ba kowane ma'aikaci. Na yi tunanin in sun tafi, zan san yadda zan yi.

Ba a yi awa guda ba aka kira mu duka, masu hawa na huɗu. Alhaji ya zo rufe jaka ya ƙirga kayansa, ya ga babu shaddar. Daga ƙasan bene ana jin muryarsa a teburin karɓar baƙi. Masu gadi suka bubbuɗe akwatuna. Nawa ne na uku.

Ofishin Ustaz Magdi ƙaramin ɗaki ne a bayan teburin baƙi. Aka tsayar da ni a jikin bango, mai gadi a ƙofa, shaddar a kan tebur. Ustaz bai yi tsawa ba. Ya ce, "Adam, takarda?" Na ce babu. Ya ɗaga waya ya kira 'yan sanda, a gabana, ya ajiye.

Alhaji ya shigo yana huci, ya ɗaga rigar, ya juya wurin Hajiya da ke bakin ƙofa. "Me na faɗa maku tun ranar farko?"

Motar da za ta kai su filin jirgi tana waje, an riga an shigar da tsohuwa da yara. Na auna. In na yi shiru, ɓarawo ne ni. In na yi magana, ɗan Nijeriya ne ni. Duka biyun ƙofa guda suke kaiwa, sai dai ɗayar tana da ɗan haske.

"Alhaji, Inna ce ta ba ni."

Ya juyo a hankali. Hajiya ta dafe ƙirji.

"Kai Bahaushe ne?"

"Daga Kucheri. Na yi dako a tasha, na sha sauke kayan motocinka."

Na zaci zai yi sanyi. Ban san mutane ba har yanzu. Na ga yana tuno duk abin da ya faɗa a gabana, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne yana ƙara masa wuta.

"Wato kwana goma sha biyu kana tsaye a kanmu kana saurare? Munafuki! Ka shiga ɗakin iyalina kana jin sirrinmu kana yi mana kurma?"

"Ba sirri na ji ba, Alhaji. Zagi na ji, kuma nawa ne. Ka tambayi Inna, tana mota."

"Kada ka ƙara sa uwata a bakinka. Ku ne kuke ɓata mana suna a duniya. Jirgi ba zai tafi ya bar ni saboda ɓarawo ba."

Ya juya wurin Ustaz, da guntun Larabcinsa na masu zuwa Umara, ya ce wannan ba Basudane ba ne, ɗan ƙasarsu ne, maƙaryaci, a bincika takardunsa. Ya faɗa da ƙarfi, mai gadi ya ji, na teburin baƙi suka ji. Ustaz ya rufe ido. Na daɗe ina zargin ya sani, ranar na tabbata. Alhaji ya saɓa rigarsa a hannu, ko leda bai tsaya nema ba, ya fita.

Na zame na zauna a ƙasa. Ba wanda ya ce in tashi. Na san waɗanda aka kai, na san yadda suke fitowa, waɗanda suka fito. Na yi tunanin tsohuwata a Kucheri, da wanda zai gaya mata, da abin da za a ce na yi. Ba kurkukun ya fi damuna ba. A ce sata.

Sai na ji sanda a kan tayil. Ƙwas. Ƙwas. Ba sauri.

Ashe da ya isa mota da rigar a hannu, ta gani. Ba ta tambaye shi komai ba, ta fizge, ta ce a buɗe mata ƙofa. Ta ratso tsakiyar otal da gwiwar da aka yi wa aiki, ta cikin Turawa masu gajeren wando, shi yana binta a baya yana cewa, "Inna, jirgi. Inna, don Allah, jirgi."

Ta shigo, ta gan ni a ƙasa. Ta ɗora rigar a tebur.

"Sama'ila."

Hajiya ta rufe baki da hannu. Shi kansa ya tsaya kamar an mare shi. Mutum mai furfura a gemu, ina jin bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"Sama'ila, ni na ɗauka. Ni na ba shi. In sata ce, ga ɓarauniya, a kira masu kamun. Faɗa wa mai sanƙon nan."

"Inna, ai da kin gaya mini..."

"Rigar da kaka sawa kana yaro, wa ka gaya wa kahin ka sa? Faɗa mashi."

Ya juya, ya yi magana da Ustaz ƙasa-ƙasa. Ta dube ni.

"Mi ya ce?"

Na dubi Alhaji. Idonsa yana roƙona, karo na farko da ya dube ni kamar mutum. Da ya yi haka tun da safe, da wataƙila na rufa masa.

"Ya ce kin tsufa, Inna. Wai kin rikice, ba ki san abin da kike yi ba, amma ya yafe."

Ta ɗaga sandar ta buga a kan teburin Ustaz, har kofin shayi ya yi tsalle.

"Ya yahe? Wa ya yahe wa? Kwana bakwai yaron ga yana kawo mani abin da zan sa a ciki, kai kana can kana wanka da kahirai, ka taɓa tambaya ko na ci? Sake faɗi. Ka ce uwata ta ba shi, da hankalinta, kuma ni na yi mashi ƙazafi. Lawali, saurara mani. In ya rage kalma guda, ka gaya mani."

Ya faɗa. Gumi yana bin wuyansa, ya faɗa duka, da ƙarfi, har ƙazafin. Ta sa ya maimaita wa mai gadi.

Ustaz ya jawo takarda ya rubuta, ya buɗe tawadar dangwale. Ta dubi takardar da ƙyama, ta dube ni, ta miƙa babban yatsa. Alhaji ya sa hannu a ƙasa. Ustaz ya ɗaga waya ya ce kuskure ne, baƙo ya ga kayansa, kada su wahala.

Ta ɗauki rigar da hannu biyu ta ba ni a gaban kowa.

"An gyara?"

Na dubi Ustaz. Yana kallon tebur.

"An gyara, Inna."

"To. Ka riƙe aikinka da kyau. In ka zo gida ka neme ni Rawayya, kowa ya san gidan."

Ta juya ta fita, Alhaji yana biye da ita. Hajiya ce ta tsaya a ƙofa kamar za ta yi magana, ta fasa, ta bi su.

Da ƙarar motarsu ta ɓace, Ustaz ya ce mai gadi ya ba mu wuri. Ya miƙo hannu, na cire bajon na ba shi. Ya ce abin da aka faɗa da ƙarfi ba ya komawa ciki, mutum biyar sun ji, gobe wani zai kai magana, shi kuma yana da 'ya'ya. In bi ta ƙofar baya kafin la'asar. Ya ninke takardar da Inna ta dangwala ya sa mini a aljihu, ya ce za a buɗe jakata a hanya, a ga riga irin wannan a hannun mutum irina. Ya yi gaskiya. Sau biyu aka buɗe kafin Alƙahira.

Na koma siminti. Na yi kusan shekara kafin in sami takardar komawa gida ta hannun ofishin jakadancinmu. Ban dawo da komai ba sai jaka guda. Yanzu ina tashar Gusau, inda na bari. Motocin Alhaji suna shigowa, ina sauke su. Shi ma yakan zo. In ya hango ni sai waya ta kama shi, ya juya yana magana da ita har in wuce.

Bayan sallar layya na sa shaddar na hau mota zuwa Rawayya. Ta yi mini yawa a kafaɗa, ban rage ta ba. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai, idonta ya rage gani, sai da na yi magana ta gane ni. Ta tara matan gidan ta ce ga ɗanta na Masar. Ta shafa wuyan rigar da hannu, ta ji aikin, ta yi dariya.

"Bayan tahiyata sun riƙe ka da kyau? Mai sanƙon nan bai sake taɓa ka ba?"

"Bai sake ba, Inna."

"Ka gani? Da kana ta gardama, wai takarda, wai doka. Ka ga amfanin jin maganar manya?"

Na ce, "Na gani, Inna."